Kyandir ɗin Toader Ya Ƙi Ci

Daga:
Simion Tomoiaga,
Tsohon mahaƙin gishiri,
Gidan ƙarshe, Layin Coci,
Ocna Runcu.

14 ga Oktoba, 2008.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Kula da Tsofaffin Ramukan Ma'adinai na Lardi.

Ta hannun:
Magajin Garin Ocna Runcu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DANSHI DA MUGUWAR ISKA DA SUKA CIKA RAMIN GISHIRIN OCNA RUNCU SABODA AJIYAR DANKALI, DA HANA NI KUNNA WA ƘANENA KYANDIR A INDA YAKE KWANCE

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Mai Girma yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali da ma'aikatansa, ni mai suna a sama, ɗan shekara saba'in da bakwai, ina neman izinin shigar da ƙara. Laifin da na kawo ƙara a kansa kunnen ƙashi ne: a gaya wa mutum gaskiya da baki, a rubuta masa ita, ya gan ta da idonsa tana tsiyaya a bango, ya ce ba haka ba ne, don kawai buhunansa sun riga sun shiga ciki. Wanda ake ƙara shi ne Horatiu Barlea, dillalin dankali, wanda ofishinku ya ba hayar babban zauren ramin. Akwai maganar manya da ta yi daidai da shi kamar an auna, amma matata Palaga ta ce kada in kuskura in sa irin wannan a takardar hukuma, don haka na haɗiye ta. Karatuna aji huɗu ne. Inda alƙalamina ya yi tuntuɓe, a yi mini afuwa.

Ga ƙorafina daki-daki.

1. A ranar 3 ga Nuwamba, 1959, rufin lungun ƙasa na ramin nan ya rufto a kan ƙanena Toader Tomoiaga, yana da shekara ashirin da biyu. Ina wurin. Mun yi ta haƙa, rufin yana ta ƙara zubowa, har shugaban aiki ya ce a tsaya kada a ƙara gawa a kan gawa. Sai muka toshe bakin lungun kamar yadda ake yi: muka yanko tubalan gishiri, muka jera su, muka yayyafa musu ruwan gishiri har suka manne suka zama dutse guda. Ni da hannuna na sassaƙa alkuki a jikin bangon, daidai ƙuguna, na zana gicciye a samansa. Wannan bango shi ne kabarin Toader. Ba shi da wani.

Mai Girma ɗan ƙasar nan ne, ba sai na koya masa abin da ake nufi da mutum ya cika babu kyandir a hannunsa ba. Innarmu Nastasia ba ta sake cikakken barci ba. Kullum maganarta ɗaya ce, wai ɗanta yana can yana lalube a duhu bai ga hanya ba. Ita mace ce, a lokacin ba a barin mata su sauka rami, don haka ta ɗora mini. Ranar da za ta rasu ta riƙe wuyan hannuna ta ce: "Simion, a inda yake za ka kunna masa, ba a coci ba. A coci ai kowa yana gani. Ka tsaya har ya cinye." Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce duk abin da ya kawo ni gabanku.

2. Kusan shekara hamsin ban taɓa fashi ba. Kowace uku ga Nuwamba nakan sauka da kyandir na kakin zuma da kwanon dafaffiyar alkama da zuma da gyaɗar bishiya, in kunna, in tsaya har ya cinye, in raba wa waɗanda ke kusa alkamar su ce Allah ya jiƙansa. Ko a zamanin gwamnatin da ta gabata, wadda ba ta shiri da gicciye, ba wanda ya hana ni. Sakataren jam'iyya na ramin kan juya baya ya yi kamar yana duba takalminsa, in na gama ya miƙo cokali. Da aka rufe aikin haƙa a 1996, maigadi kan buɗe mini ƙofa. Daga baya aka bar Palaga ta riƙa raka ni.

Ina so a rubuta a fayil cewa a duk shekarun nan bangon a bushe yake ƙarau kamar gilashi. In ka kunna kyandir a alkukin, hasken kan shiga cikin gishirin ya yi nisan taƙi guda, bangon ya yi ja-ja kamar garwashi. Nakan ce a raina, ko kaɗan ne dai ya kai masa.

Ramin yana da ƙofofin katako uku a jere a mashigarsa. Mun taso mun tarar ba a buɗe biyu lokaci ɗaya, kuma daga Idin Waliyyi Gheorghe zuwa na Waliyyi Dumitru, wato duk lokacin zafi, a rufe suke ruf sai dai a ratsa ta ƙaramar kafa. Ban san dalili ba a lokacin. Mun ga iyayenmu suna yi, muka yi.

3. A watan Satumba na 2006 ofishinku ya ba Horatiu Barlea hayar babban zauren sama don ya adana dankali. Ban yi musu ba, har na yi murna, domin mutanen gari sun sami aikin dako, kuma ramin da ya ciyar da kakanninmu bai kamata ya zauna kango ba. Amma cikin makon farko ya sa aka ciccire ƙofofin nan uku, wai sun yi wa manyan motocinsa ƙunci. Katakon ma a gidan surukinsa ya ƙare, an yi wa aladu shinge da shi. Motocin kan shiga har ciki, su tsaya injinsu na ci ana sauke kaya, hayaƙi ya turnuƙe zauren. Da ma'aikata suka yi kukan hayaƙi, sai ya kafa wata ƙatuwar fanka a bakin ramin tana turo iskar waje ciki dare da rana, rani da damina.

A Nuwamban wannan shekara kyandir ya ci, amma harshensa ƙarami ne, yana ta sunkuyawa kamar mai jin kunya. Na dafa bangon na ji laima a tafin hannuna. Na ɗauka zufata ce.

4. A ranar 22 ga Mayu, 2007, ofishinku ya turo Injiniya Otilia Danci ta duba wurin. Ina yaba mata a gaban Mai Girma. Yarinya ce mai ladabi, ta san aikinta, ta sauka har lungun ƙasa da na'urorinta ba ta ƙyamaci taɓo ba. Da ta fito na tare ta na roƙe ta ta gaya mini abin da ke damun bangon da harshen da zan gane. Ta zo gidana, Palaga ta ba ta tuwon masara da cukun tumaki, ta zauna ta warware mini. Ga abin da na riƙe, in na karkata a gyara mini.

Ta ce gishiri maƙishirci ne. Muddin iska a bushe take, zai shekara dubu bai motsa ba. Amma in danshin iska ya wuce wani mizani, sai ya fara zuƙo ruwa daga iskar da kansa, fuskarsa ta jiƙe, ta narke, ta gangaro. Ta ce danshin ramin nan ta hanya uku yake shiga. Na farko iskar lokacin zafi da fankar ke turowa: ɗumi gare ta, ɗauke take da ruwa, da ta taɓa bango mai sanyi sai ta sauke shi kamar raɓa. A nan na gane amfanin ƙofofin kakanninmu, bayan sun zama shingen aladu. Na biyu hayaƙin motoci, wanda ta ce ban da baƙin toka akwai tururi da tsami a cikinsa. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. Ta ce dankali rayayye ne. Ko yana cikin buhu numfashi yake yi kamar ni da ita, yana fitar da ɗumi da tururi da wata iska mai nauyi wadda ba ta da wari ba ta da launi. A rumbun da aka gina don dankali akan ja wannan iskar a fitar. A raminmu kuwa ba ta da mafita, sai ta bi gangare kamar ruwa ta taru a inda ya fi zurfi. Ta ce wuta ba ta ci a cikinta, mutum ma ba ya daɗewa.

Ranka ya daɗe, inda ya fi zurfi a ramin Ocna Runcu shi ne gindin bangon Toader.

5. Injiniya Danci ta gaya wa Barlea duk wannan a gaban ma'aikatansa, ina tsaye. Ta ce ya mayar da ƙofofi, ya hana motoci shiga, ya rage kaya, ya sa bututun da zai zuƙo iskar ƙasa ya fitar. Ta ce ko don dukiyarsa ya yi, domin rufin da ke zufa a kan buhunansa zai ɗiga. Na rubuta amsarsa yadda ta fito daga bakinsa, akwai shaidu: "Haba 'yan mata, gishiri ne fa, ba sukarin shayi ba. Dutsen da Turkawa suka bari, Jamusawa suka bari, shi ne dankalina zai narkar? Je ki auna wa saurayinki numfashi." Ma'aikatan suka yi dariya, domin shi ke biyansu.

Da na matsa na yi masa maganar ƙanena, sai ya dafa kafaɗata ya ce: "Baba Simion, ka je gida ka ji da gwiwoyinka. Mutumin da aka yi wa gishiri shekara hamsin ai ya fi mu duka lafiya." Na juya na tafi. Ubansa na sani, mutumin kirki ne, mai gyaran takalma a bakin kasuwa, saboda shi na ƙyale shi.

Maimakon ya rage kaya, a kakar wannan shekarar ninkawa ya yi, ya cika har zaure na biyu.

6. Abin da idona ya gani daga nan, ina roƙon a karanta shi a hankali. Bangon babban zaure, wanda dā in an haska fitila yake walƙiya, ya koma baƙi ƙirin yana naso kamar gindin tukunya. Rufi ya fara ɗiga. Inda ruwan ya ɗan tsane sai wani farin gemu ya tsiro, ka taɓa shi ya marmashe. Jijiyoyin nan ja-ja masu ɗaci da suka ratsa gishirin, waɗanda a dā ko dawakan da ke jan kaya a ramin ba sa lasa, su suka fara tafiya, suka bar kwari-kwari a bango kamar an ja farce. Tsofaffin ƙarafunan titin kurar ɗaukar gishiri, da suka fi ni shekaru ba su yi tsatsa ba, cikin shekara guda suka fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ruwan da ya tsiyayo duka kuwa hanya ɗaya ya sani. Ya haƙa wa kansa 'yar kwata a tsakiyar gangaren, ya tafi ya kwanta a gindin bangon Toader.

Gicciyen da na zana, hannuwansa suka fara shafewa. Leɓen alkukin ya zagwanye ya yi sumul kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Layin tubalan da ke gindin bangon ya zaizaye har na tura hannuna ya shige zuwa wuyan hannu. Na zaro shi da sauri. Ban san abin da na ji tsoron taɓawa ba. A'a, na sani.

Ina yaro an taɓa fasa wani tsohon lungu aka tarar da doki a ciki, wanda ba wanda ya san zamanin da ya mutu, gashinsa da kofatonsa da linzaminsa duk suna nan. Gishiri busasshe ba ya cin abin da aka ba shi ajiya. Shi ya sa duk shekarun nan na san Toader yana bayan bangon nan da fuskarsa ta ɗan shekara ashirin da biyu, da tabon da na yi masa a gira muna yara. Ni na tsufa mana mu biyu. Yanzu ruwa ya sami hanyar shiga wurinsa. Na tambayi Injiniya abin da ruwan zai yi masa, ta dubi ƙasa ta ce wannan ba fanninta ba ne.

7. Yanzu na zo kan ranar 3 ga Nuwamba, 2007.

Mun sauka da safe ni da Palaga, tana riƙe da kwanon alkama. Tun daga rabin gangaren na ji numfashina yana gajarta, na ce tsufa ne. Muka isa, ruwa ya kai mana idon sawu. Na goge alkukin da hular kaina, na kafa kyandir, na ƙyasta ashana a daidai fuskata, ta kama lafiya. Ina sauke ta zuwa alkukin, kafin ta kai ƙirjina, ta mutu. Ba iska ta hure ta ba, ba ta ko kaɗa ba, mutuwa kawai ta yi kamar an tsoma ta a ruwa. Na sake, haka. Na ciro kyandir ɗin na kunna shi a sama, ya kama, na sauke shi a hankali ina kare shi da tafin hannu, harshensa ya yi shuɗi, ya ƙanƙance, ya tafi.

Sai na ce to, in alkuki ya ƙi, ni zan zama alkukin. Na kunna shi na ɗaga sama da kaina, na jingina da bangon, na ƙudura zan tsaya a haka har ya cinye kamar yadda Inna ta ce. Kakin yana ɗigo mini a hannun riga. Kaina ya fara sarawa, kunnuwana suna ƙugi. Palaga ta ce: "Kai tsoho, ƙafafuna sun gaji, bari in ɗan zauna a dutsen nan." Ban yi tunani ba, Allah ya sani ban yi tunani ba. Ta zauna, kanta ya koma daidai tsayin alkukin. Can na ji ƙarar kwano a ruwa. Na waiga na ga alkama tana yawo, ita kuma ta langaɓe, bakinta a buɗe kamar kifin da aka fitar.

Hannu biyu gare ni, ɗaya yana sama da kyandir. Na sake shi. Na cicciɓe ta na ja ta gangaren nan ina kiran sunanta, ban san inda na sami ƙarfin ba. Ta farfaɗo a kusa da zauren sama, abin da ta fara tambaya shi ne ko kyandir ɗin ya cinye. Na ce mata bai ko kai rabi ba. Daga baya wani ɗan dako mai dogon numfashi ya sauka da gudu ya tsinto mini shi a cikin ruwan.

Na kai wa Barlea wannan labari a ranar. Ya ce wa ya aike mu, hayar zauren sama ya biya, abin da ke ƙasa ba ruwansa.

8. Kada Mai Girma ya ce na tsallake na ƙasa na zo gare shi. Na je wurin Magajin Gari, ya ba ni kujera da kofi, ya ce ramin ba a hannunsa yake ba, ƙasan gari na ofishinku ne, shi saman kawai aka ba shi. Na je wurin Fada Ieronim, ya ce Allah ba ya bukatar a nuna masa wuri, in kunna a coci ya wadatar, zai ma ambaci sunan Toader a addu'a. Na san gaskiya ya faɗa, malami ne, kuma na kunna. Amma ba shi Inna ta riƙe wa wuyan hannu ba.

Barlea kuwa, da maganar ta yi yawa a gari, sai ya aiko direbansa da wani kyandir na roba mai batir, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Kirsimeti, wai wannan ba ruwansa da iska, in kai wa ƙanena ya yi ta ci har Ista. Palaga ta juya shi a hannu, ta danna, ya yi ta ƙyafta ido, ta mayar wa direban ta ce: "Gaya wa maigidanka ya adana shi da kyau, ranar tasa sai a riƙa masa, in batirin bai mutu ba." Na tsawata mata don ba a yi wa mutum fatan mutuwa. Amma ban ce ta janye ba.

Injiniya Danci ta shaida mini cewa ta miƙa rahotonta ga ofishinku tun watan Yunin 2007, ta sake tunatarwa bayan abin da ya sami matata. Ta ce iyakar ikonta ke nan, ita aunawa take yi, ba ita ke sa hannu ba. A farkon bana aka mayar da ita wani lardi. Ban ce don wannan ne ba. Na dai faɗi abin da ya faru.

9. A lokacin zafin bana abin da aka gaya wa Barlea ya same shi. Rufi ya yi ta ɗiga ruwan gishiri a kan buhuna, na sama suka jiƙe, na ƙasa suka yi zafi suka tsiro, sannan duka suka fara ruɓewa. A ranar 19 ga Agusta 'yan dako biyu suka faɗi a zaure na biyu, aka kwashe su zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran kwanansu. Cikin makon nan Barlea ya janye mutanensa ya bar garin. A ranar 2 ga Satumba ma'aikatan ofishinku suka zo suka sa wa bakin ramin ƙofar ƙarfe da sarƙa da kwaɗo, suka manna takardar gargaɗi.

Ban ga laifin kwaɗon ba, ya hana yaran gari shiga su hallaka. Abin da nake kuka da shi shi ne, an kulle ni a waje, an kulle dankalin a ciki. Yana nan har yau, tsibi-tsibi, yana ruɓewa. Na sami lambar Injiniya na kira ta a waya, ta ce dankalin da ke ruɓa ya fi mai rai fitar da ruwa da muguwar iska, har da wasu iskokin masu guba, kuma kowane mako da ya wuce gishirin yana ƙara sha. Warin yana fitowa ta ƙofar ƙarfen har Layin Coci. Karnuka ma sun daina bi ta wurin. Ni nakan je kowace safiya in tsaya a bakin ƙofar in kasa kunne. Ana jin ɗigar ruwa daga ciki, ɗis, ɗis, kamar agogo. Ba abin da zan iya. Ƙarfin da na sare gishiri da shi shekara talatin da bakwai, yau ko sarƙar nan ba zai girgiza ba.

10. Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma:

(a) Ya ba da umarni a kwashe ruɓaɓɓen dankalin nan daga ramin, ko da kuɗin wa za a yi, wannan tsakaninku ne da Barlea.

(b) A sa bututu a zuƙe iskar da ta kwanta a lungun ƙasa, a janye ruwan da ke gindin bangon, a mayar da ƙofofin katako guda uku. Akwai kafinta a garin nan, Ilarie Pasca, da ya ce zai yi su kyauta in an ba shi katako.

(c) A turo wanda zai duba bangon ya gaya mini gaskiya, ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba. In ba zai tsaya ba, a taimake ni a fito da Toader tun da sauran abin fitarwa, in kwantar da shi kusa da Inna.

(d) In duk waɗannan sun yi yawa, ko sai an jira kasafin baɗi, to a ba ni abu ɗaya: ranar 3 ga Nuwamba mai zuwa a buɗe mini ƙofa, a busa iska mai kyau a lungun na tsawon cin kyandir guda. Wani ma'aikacinku ya ce mini za a iya ba ni tukunyar iska irin ta 'yan kwana-kwana in goya. Na gode masa. Amma ni za a rufe wa hanci, kyandir fa? Shi ma numfashi yake yi.

Ba na neman diyya. Ba na neman a ɗaure kowa.

11. An ce mini Barlea yana bin ofisoshi yana cewa shi aka cuta, har yana neman ofishinku ya biya shi. Don kada a ce na ɓoye asararsa, ga ta yadda tsohon akawunsa ya lissafa a bainar jama'a: dankali buhu dubu goma sha ɗaya, ko guda bai fita ba. Manyan motoci uku da tsatsa ta cinye musu ƙasa, suna tsaye a bakin rami kaji na ƙwai a ciki. Injin ɗaga kaya biyu, suna can an kulle da su. Fankar nan tasa, wadda fukafukanta suka zube. Gidansa na birni mai hawa biyu, banki ya karɓe. Manoman ƙauyuka shida da ba za su sake ba shi ko kwando ɗaya ba. Da sunan ubansa mai gyaran takalma, wanda dā in an ambata ake cewa Allah ya jiƙansa, yanzu sai a yi shiru. Wannan ita ce asararsa, ban rage ba ban ƙara ba. Ban ji daɗinta ba. Kuma ko an ninka ta goma ba za ta busar da tubali ɗaya a bangon ƙanena ba.

Tawa asarar guda ɗaya ce, na naɗe ta a ƙyalle na haɗo da wannan takarda. Shi ne kyandir ɗin bara, wanda cinsa bai kai rabi ba. Farin da ke jikinsa gishiri ne, kada a kankare. Likita ya ce zuciyata ba ta son gangare, Palaga kuma ta rantse in na sake sauka ba izini za ta kulle ni a ɗaki. 'Ya'yanmu suna Italiya suna aiki, ba wanda ya taɓa ganin fuskar Toader a cikinsu. Ina roƙon a ajiye kyandir ɗin a cikin fayil ɗin, a inda ba danshi. In amsarku ta same ni, zan zo da kaina in karɓa. In ta zo ba ta same ni ba, to duk ma'aikacin da ya fara buɗe ƙofar nan, ko wane ne shi, ko wane addini yake bi, ya bi gangaren har ƙarshe. Zai ga bango a hannun hagu, in yana nan. Ya kunna, ya ce Toader, ya tsaya har ya cinye. Ba zai ɗauke shi lokaci mai yawa ba, ɗan siriri ne.

Ina jiran umarnin Mai Girma da dukkan biyayya. Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya, ya sa ranar da kowannenmu zai tafi akwai mai riƙa masa haske.

Ni ne mai biyayya gare ku,

Simion Tomoiaga,
Tsohon mahaƙin gishiri, yayan marigayi Toader Tomoiaga.

Abin da aka haɗo: guntun kyandir ɗaya, naɗe a ƙyalle.